Ƙullutu mai bugawa a hannu: kada a tsaga shi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, mutane da yawa a Khartum da Omdurman sun samu raunin harsashi ko ɓarɓashin bam a hannu. Ga 'yan kasuwa da 'yan dako da makanikai na Suk al-Shabi, hannu shi ne jari. Sai dai rauni kan warke a waje, ya bar matsala a ciki.

Babbar jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa hannu tana bi ta hammata, ta sauko ta damtse, sannan ta rabu biyu a gwiwar hannu. Idan ƙarfe ya huda bangonta, jini yakan riƙa tsiyaya yana taruwa a gefe, har ya yi wata jaka. Bayan makonni ko watanni sai ƙullutu ya fito. Likitoci suna kiransa anurizim. Masu wankin ƙoda ma kan gamu da shi a inda ake yawan soka musu allura, haka masu dogara sandar guragu a hammata shekara da shekaru.

Babbar alamarsa ita ce bugawa: in an ɗora yatsa a kai, za a ji yana harbawa daidai da zuciya. Wani lokaci yatsu kan mutu saboda ya danne jijiyar ji, ko su yi sanyi su canza launi idan gudan jini ya ɓalle ya toshe hanya.

Haɗarin shi ne yana kama da maruru. Wanzami ko mai kemis da ya tsaga shi da niyyar fitar da mugunya, jijiya ya buɗe, kuma jinin na iya kashe mutum cikin 'yan mintoci. Tun ƙarni na 2 likitan Girka, Galen, ya bayyana irin wannan kumburi da ke biyo bayan huda jijiya.

A asibiti, likita zai fara saurarar ƙullutun da abin awon ƙirji, sannan a yi hoton Dofla, wanda ke nuna yadda jini ke shiga jakar yana fita, ba tare da an yanka ba. Kafin tiyata akan ƙara da hoton sikana. Ƙarami ana iya danne shi ko a yi masa allurar daskarar da jini. Babba kuwa sai tiyata: a tare jini sama da ƙasa, a cire jakar, a ɗinke hudar, ko a ɗauko jijiya daga ƙafar majinyacin a yi gada da ita. In an yi da wuri, yawanci hannun yakan tsira.

Yaƙin ya durƙusar da asibitoci da dama, amma asibitin Al-Nau a Omdurman da na Basha'ir a kudancin Khartum sun yi ta karɓar masu rauni da tallafin ƙungiyar Médecins Sans Frontières. Duk wanda ya ga ƙullutu mai bugawa, ya nemi likitan tiyata, kada ya bari a tsaga ko a yi masa ƙaho. Idan kuwa hannun ya yi sanyi farat ɗaya tare da ciwo mai tsanani, kada a jira gari ya waye: bayan kimanin awa 6 ba jini, nama yakan fara mutuwa.