Amfani da Ma'aunin Kulorofil Wajen Kimanta Ingancin Ciyawar Kiwo

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne bayyana yadda za a kimanta ingancin ciyawa kamar gamba da kyasuwa tun tana tsaye a makiyaya. Idan furotin ɗin ciyawa ya gaza kashi 7 cikin ɗari, ƙwayoyin halittar da ke tumbin saniya sukan kasa narkar da ita sosai, sai cinta ya ragu, ta rame. A ɗakin bincike, hanyar Kjeldahl ta 1883 ake bi: a auna naitirojin, a ninka shi sau 6.25. Amma tana cin kuɗi da lokaci.

Ita kuwa na'urar SPAD-502, maƙala ta ake yi a ganye, ta ratsa shi da haske iri biyu, mai nanomita 650 da mai 940. Kulorofil yakan tsotse na farkon, ya ƙyale na biyun. Daga wannan bambanci take fitar da lamba. Da yake yawan kulorofil yana bin yawan naitirojin, lambar takan nuna matsayin furotin.

Sai dai muna jan hankalin mahalarta cewa na'urar ba ta auna taurin ciyawa, kuma kaurin ganye yakan sauya lambar. Saboda haka wajibi ne a daidaita ta da sakamakon ɗakin bincike ga kowace irin ciyawa, kafin a shawarci makiyayi kan lokacin yankan ingirici.