Gaskiya ko Jita-jita: Suna Biyu, Hoto Ɗaya

Yawancin wayoyin zamani da muke riƙewa a Diffa, Bosso da Maine-Soroa Android ne, kuma a ƙarƙashin Android akwai kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Kanel shi ne ke nemo mana fayil duk lokacin da muka buɗe hoto ko waƙa. A cikin neman nan yakan ci karo da wani ƙaramin fayil da ake kira simlink, wanda ba ya ɗauke da komai sai adireshin wani wuri. Rashin sanin wannan ya jawo wa mutane asarar hotunan da ba za su sake samu ba.

"Hotunana sun zama kashi biyu, suna cinye min wuri"

Wasu manhajojin duba fayil kan nuna mana hotunanmu a /sdcard, su sake nuna su a /storage/emulated/0. Duk wanda ya ga haka zai ɗauka kwafi biyu ne. Amma ɗaya ne. /sdcard simlink ne kawai. Kamar mai sayar da tattasai ne da ya tashi daga rumfarsa ya bar takarda a ƙofa cewa ya koma layin gaba: takardar ba buhun tattasai ba ce. Kanel yana bin adireshi gaɓa bayan gaɓa. Da ya iso simlink sai ya karanta abin da ke ciki, ya ci gaba da tafiya daga inda aka nuna masa. Wurin da simlink ke ci bai taka kara ya karya ba. A tsarin ajiya na ext4, adireshin da bai kai baiti 60 ba a cikin bayanan fayil ɗin kansa ake rubuta shi.

Sunan ma yana ƙara ruɗa mu. Wayoyin Android na farko, daga 2008, a katin memori suke ajiye hotuna, manhajoji kuma suka saba da neman /sdcard. Da ajiyar ta koma cikin waya, sai aka bar tsohon sunan yana nuni ga sabon wuri don kada manhajojin su lalace. Shi ya sa wayar da ba ta da kati ma take da shi.

"In na goge ɗaya, ɗayan yana nan"

Nan ne asarar take, kuma ita ce ta fi damun mu. Idan simlink ɗin kansa aka ce a goge, kanel ba ya binsa. Manunin kaɗai ke tafiya, fayil na asali na nan. Amma idan simlink yana tsakiyar adireshi ne, kamar hoton da muka isa gare shi ta /sdcard, dole kanel ya bi shi kafin ya kai ga hoton. Abin da aka goge a ƙarshen tafiyar shi ne na asali. Mutum ya koma ɗaya wurin ya tarar wayam, sai ya zargi mai gyaran waya ko yaron da ya tura masa waƙoƙi. Kanel yana wannan juyawar ne shiru, ba tare da ya nuna wata alama a fuskar waya ba, don haka babu abin da zai ankarar da mai ita.

"Fayilolin filas ɗina sun koma shotkot, sun ƙone"

Shotkot na Windows wani abu ne daban. Kanel bai san da zamansa ba, manhajar da ke nuna mana foldoji ce ke karanta shi. Tsarin FAT32 da exFAT na yawancin filas ba su ma da gurbin simlink. Abin da kan faru a shagunan buga takardu shi ne wata muguwar manhaja ta ɓoye fayilolin, ta ajiye shotkot mai sunansu, wanda ke tayar da ita da zarar an danna. Galibi fayilolin na nan a ɓoye. Kada mu danna, kada kuma mu yi gaggawar wanke filas ɗin kafin a duba.

"Manuni biyu masu nuna juna za su daskarar da na'ura"

Tsoron na da dalili, domin in babu iyaka kanel zai yi ta zagaye ne. Sai dai Linux yana ƙirga: simlink 40 yake bi a neman adireshi guda, daga nan ya tsaya ya mayar da saƙon kuskure. Kafin siga ta 4.2 ta 2015 akwai ƙarin iyaka, ba a wuce hawa 8 na simlink cikin simlink, saboda ƙanƙantar wurin aikin kanel. Al Viro, ɗaya daga cikin masu aiki a kan kanel ɗin, ya sake fasalin wannan sashe, aka cire iyakar hawa 8 ɗin, ta 40 ɗin kuma tana nan.