Daga Kanwa da Tsamiya zuwa Takin Yuriya: Yadda Sinadarai Suke Juyewa a Fadamar Kirikasamma

Hausawa suna yi wa kanwa kirari da uwar gami, kuma ilimin kimiyya bai ƙaryata su ba. Duk wanda ya taɓa zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a cikin ruwan tsamiya ya ga yadda kumfa take tasowa nan take, tsamin kuma ya dushe. Wannan ɗan abin da ake gani a madafi shi ne tushen wani babban darasi na kimiyyar sinadarai, wato yadda abubuwa biyu suke haɗuwa su haifi wasu abubuwa dabam.

Ya kamata ɗalibi ya fara rarrabe sauyi iri biyu. Idan aka narkar da gishiri a ruwa, aka shanya ruwan a rana, gishirin zai dawo kamar yadda yake. Kamanninsa kawai suka sauya. Amma idan itace ya ƙone ya zama toka, ko fartanya ta kwana a raɓa ta yi tsatsa, to, an sami sabon abu wanda shanya ba ta mayar da shi. Wannan na biyun shi ake kira juyin sinadarai. Alamominsa sun haɗa da tasowar iska, da sauyin launi ko wari, da fitar zafi.

A cikin kanwa akwai sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet, waɗanda suke cikin jinsin alkali. Tsamiya kuwa tana ɗauke da asid mai suna tatarik. Da sun gamu, sai ƙwayoyin zarra da suka gina su su rabu da abokan zamansu na dā, su ƙulla sabon zama, a sami wani nau'in gishiri da ruwa da iskar kabon dayoksaid. Iskar ce kumfar da ake gani. Babu ƙwayar zarra ko ɗaya da ta ɓace, babu kuma wadda aka ƙirƙira. Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ne ya bayyana wannan ƙa'ida a littafinsa na shekarar 1789. Malami yana iya nuna ta a aji da gorar roba mai murfi da kanwa rabin cokalin shayi: idan gorar a rufe take, nauyinta a kan ma'auni ba ya sauyawa bayan kumfar ta lafa, sai an buɗe murfin iskar ta fice sannan nauyin ya ragu.

Wannan ficewar iska ita ce ta shafi manomin Kirikasamma kai tsaye. Ƙaramar hukumar tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar Kogin Haɗeja take shayar da fadamun shinkafa da damina, a kuma yi noman rani bayan ruwa ya janye. Yuriya tana daga cikin takin zamani da aka fi zubawa a waɗannan gonaki. Kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na abincin da shuka take bukata don ganyenta ya yi kore shar. Bajamushe Friedrich Wöhler ne ya fara haɗa ta a ɗakin bincike a 1828, yanzu kuma ana sarrafa ta a Nijeriya, ciki har da masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2022.

To, amma yuriya ba ta daɗewa a matsayin yuriya idan ta taɓa ƙasa mai laima. Ƙananan halittun da suke rayuwa a cikin ƙasa suna fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda aikinsa shi ne gaggauta haɗuwar yuriya da ruwa, shi kansa kuwa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Masana suna rubuta abin da yake faruwa kamar haka:

CO(NH₂)₂ + H₂O → 2NH₃ + CO₂

Mai karatu ya ƙirga da kansa. A hagu akwai kabon 1, naitirojin 2, oksijin 2, haidirojin 6. A dama ma haka suke, babu ragi babu ƙari. Sai dai naitirojin ɗin ya koma cikin amoniya, ita kuwa amoniya iska ce. Idan juyin ya faru a cikin ƙasa, ruwa da yumɓu suna kama ta a matsayin amoniyam, saiwoyi su sha. Idan kuwa a saman ƙasa ya faru, sai ta bi iska, kuɗin manomi ya bi ta. A gonar shinkafa da aka watsa wa taki a kan ruwa, asarar tana iya kaiwa kashi ɗaya cikin uku na naitirojin ɗin.

Abubuwa biyu suke ƙara wannan asara. Na farko zafi, domin yawancin juyin sinadarai yana ƙara sauri idan zafi ya ƙaru, kuma kowa ya san ranar ƙasar Haɗeja a watan Afrilu. Na biyun shi ne ita uwar gamin da kanta. Inda ƙasa take da kanwa-kanwa, irin wuraren da farin ɓawo yake fitowa bayan ambaliya ta bushe, alkali yana kwance amoniyam ya mayar da shi iska. Toka ma alkali ce, saboda haka manomin da yake gauraya yuriya da toka don takin ya yi auki, ɓarna yake yi wa kansa. Abin da ya fi shi ne a tona ɗan rami kusa da shuka a binne takin, ko a yi ban ruwa da zarar an zuba shi don ya nutse.

Ɗalibai suna iya ganin wannan da idonsu. A sami kwalabe biyu, a zuba ƙasar gona mai laima da ɗan yuriya a kowace, a ƙara toka a guda ɗaya. A jiƙa farar takarda da ruwan zoɓorodo, a rataya ta a cikin kowace kwalba, a rufe. Bayan kwana biyu ko uku jan launin takardar zai dushe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore, kuma ta kwalba mai toka ce za ta riga. Warin da zai fito idan aka buɗe murfin shi ne wanda ake ji a garken awaki da sassafe, domin fitsarin dabbobi ma yuriya yake ɗauke da ita.