Ko Kun Sani? Na'urar Daidaita Takardu

Ko kun san akwai wata 'yar na'ura ta kan tebur wadda ba ta da wata hidima face girgiza takardu, har gefunansu su daidaita kafin a ɗinke su ko a yanke? Hikimarta ita ce, takardun da suka fito daga injin bugawa da ɗuminsu, musamman da hunturu, sa'ad da iskar Abuja ke bushewa ƙayau, sukan manne wa juna saboda lantarkin da gogayya ke haifarwa, girgizar kuwa takan sassauta su har kowace ta zauna daram.

Saboda haka wajibi ne ga magatakarda a Sakatariyar Tarayya, ko mai ɗab'i a Garki, da ya yi azamar sayenta, ya tabbata akwatinta zai ɗauki rim mai takarda 500 ta A4, wadda faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Ya tabbata ana iya rage ƙarfin girgizarta. Sa'an nan ya duba dacewarta da wutar Nijeriya mai bolt 230, domin wadda aka ƙera wa Amurka 120 take sha, in an jona ta kai tsaye sai ta ƙone.