Dutse Ba Ya Jan Jirgi: Abin da Haɗurran Sama Suka Nuna

Tun ranar 19 ga Mayun 2024, da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shugaban Iran, Ebrahim Raisi, a duwatsun arewa maso yammacin ƙasarsa, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisu da zaurukan WhatsApp. Wasu sun ce harbo shi aka yi. Wasu kuma, musamman a garuruwan da ke zaune kusa da duwatsu irin su Rano da Rurum da Fammar, sun ce ai abin a fili yake: akwai duwatsu masu maganaɗisu a ciki, da jirgi ya gifta ta kansu sai su fizgo shi ƙasa. Har da masu cewa mazauna dutsen ne ba sa son a keta musu sama. Mako uku bayan nan, ranar 10 ga Yuni, sai ga jirgin mataimakin shugaban Malawi, Saulos Chilima, shi ma ya faɗi a tsaunukan dajin Chikangawa da ke arewacin ƙasar. Masu maganar maganaɗisu suka ce, to kun gani.

Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta tsayawa da ƙafarta. Gangar jikin yawancin jirage da alminiyam ake ƙera ta, irin ƙarfen tukwanen da ake zubawa a kasuwa, kuma duk yaron da ya taɓa wasa da maganaɗisun tsohuwar rediyo ya san ba ya kama shi. Duwatsun da suka kewaye Rano kuwa irin waɗanda ake fasawa ne a yi tsakuwar gini. Ko inda ƙasa ke da tama mai yawa, iyakar abin da take iya yi shi ne ta ɗan karkatar da allurar kamfas idan an matso kusa da ita ƙwarai. Ba ta da ƙarfin da za ta janyo ko da babur, balle jirgi mai nauyin tan-tan da ke gudun ɗaruruwan kilomita a awa.

Tarihin Kano kansa ya isa shaida. Jiragen sama sun fara sauka a birnin ne a watan Nuwamban 1925, lokacin da wasu jirage 3 na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. Daga wannan lokaci zuwa yau, manyan haɗurran da Kano ta gani duk a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suka faru, a filin jirgi ko dab da shi. Ranar 24 ga Yunin 1956, jirgin kamfanin BOAC mai zuwa Landan ya tashi cikin hadari, iska ta danne shi ƙasa, ya bugi bishiya, mutum 32 cikin 45 suka rasu. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin Boeing 707 na ƙasar Jodan da aka yi haya don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a can. Ƙafarsa ta karye a kan titin sauka, ya kama da wuta, mutum 176 cikin 202 suka riga mu gidan gaskiya, kuma a lokacin duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgi mai yawan mamata kamarsa ba. A watan Maris na 1978 jirgin Nigeria Airways ya yi karo da jirgin yaƙi a sararin filin. A Janairun 1996 jirgin fadar shugaban ƙasa da ke ɗauke da Ibrahim Abacha ya faɗi yana shirin sauka. Sai kuma ranar 4 ga Mayun 2002, da jirgin EAS ya zarce ƙarshen titin tashi da tsakar rana, injinansa suka shaƙi ƙura, ya kasa ɗagawa sosai, ya rikito kan gidajen Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka mutu, cikinsu har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Babu dutse ko ɗaya a cikin wannan jeri.

To amma gaskiya ne jirage na afka wa duwatsu, kuma abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne sau da yawa jirgin lafiyarsa ƙalau. Inji na aiki, mai bai ƙare ba, matuƙi na riƙe da linzami, sai kawai a ji ya daki ƙirjin tsauni. Masu binciken haɗurra sun ware wa wannan nau'i babi na musamman saboda yawan rayukan da ya ci.

Sirrin yana cikin yadda jirgi ke sanin tsayinsa. Babban ma'aunin da ke gaban matuƙi ba tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa yake aunawa ba. Nauyin iska yake ji, tunda iska na raguwa gwargwadon hawa sama, sai ya mayar da wannan nauyi zuwa tsayi daga doron teku. Birnin Kano na zaune ne a kan tsayin da bai kai mita 500 ba. Jirgin da ma'auninsa ke nuna mita 1,200 a saman Kano yana da sarari na fiye da mita 700 a ƙarƙashinsa. Idan ya miƙa kudu bai canza tsayi ba, ya wuce Rano da Tudun Wada ya doshi duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda wasu ƙololuwa suka haura mita 1,000, sararin ya kusa ƙarewa alhali allura ba ta motsa ba. Idan ya ci gaba zuwa duwatsun Shere na Jos, masu tsayin mita 1,829, to ƙololuwar tana sama da kansa da fiye da mita 600. Ƙasa ce ta taso ta tare shi.

Ga kuma wani tarkon. Nauyin iska na sauyawa daga gari zuwa gari, daga safe zuwa yamma, shi ya sa hasumiyar filin jirgi ke karanta wa matuƙi wata lamba ya saita ma'auninsa da ita. Kuskuren maki 10 a wannan lamba na nufin kuskuren kusan mita 80 a tsayi. Da rana tsaka, sama garau, ido zai gyara kuskuren. Cikin gajimare ko hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta turnuƙe Arewa da shi, ido ba ya da amfani. Misalinsa kamar mai gida ne da ya shiga tsakar gidansa cikin duhu babu fitila, ya yi tuntuɓe da turmi. Ƙafarsa lafiya, idonsa lafiya, gidan ma ya san shi ciki da bai. Turmin bai jawo shi ba, lissafin taku ne ya kuskure masa, ya ɗauka yana nan alhali yana can.

Dutse yana da nasa laifin, amma ta hanyar iska. Idan iska mai ƙarfi ta hau tsauni ta wannan gefe, takan gangaro da ƙarfi ta ɗaya gefen, ta danna ƙaramin jirgi ƙasa fiye da yadda injinsa zai iya ɗaga shi. Tsauni kuma yana tara gajimare a kansa ko da kwari na cikin hasken rana. Sannan iskar tudu ba ta da kauri, zafi kuma na ƙara tsinka ta, don haka fuka-fuki da inji duk ƙarfinsu na raguwa. Rahoton ƙarshe da rundunar sojan Iran ta fitar a watan Satumban 2024 ya ɗora haɗarin Raisi ne a kan hazo mai kauri da ya taso kwatsam ya rufe dutsen.

Nijeriya ta ɗanɗani irin wannan. Ranar 17 ga Satumban 2006, jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228, irin wanda ya faɗi da Chilima, ya tashi daga Abuja da manyan hafsoshi za su taro a Obudu. Cikin mummunan yanayi ya daki wani tsauni a jihar Binuwai. Mutum 13 cikin 18 suka rasu, 10 daga cikinsu janar-janar. Wanda ya fara isa wurin ba jami'in agaji ba ne. Wani yaro ne ɗan ƙauyen da ke gindin tsaunin, shi ya taimaka aka kira ɗauki, daga baya ma ya samu shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 15 ga Maris ɗin 2008, jirgin Beechcraft na kamfanin Wings Aviation ya bar Legas da ma'aikata 3 zuwa ƙaramin filin Bebi da ke kusa da Obudu, ya yi ɓatan dabo. Aka neme shi sama da ƙasa. Har an taɓa sanar da cewa an gan shi, aka dawo aka janye maganar. Jita-jita ta cika gari, wasu na cewa sace shi aka yi aka tsallaka da shi Kamaru. Sai a ƙarshen watan Agusta, bayan fiye da wata 5, mafarauta suka ci karo da tarkacensa a duwatsun ƙaramar hukumar Obanliku ta jihar Kuros Riba. Bincike ya nuna matuƙan sun sauko ƙasa da tsayin da ya dace cikin gajimare, na'urar gargaɗi ta yi ta ƙara, ba su ɗaga jirgin da wuri ba.

Ita wannan na'ura tana da tarihi. Bayan da jirgin TWA ya daki wani tsauni a jihar Bajiniya a Disambar 1974, mutum 92 suka mutu, Amurka ta wajabta wa manyan jirage ɗaukar na'urar da ke harba sigina ƙasa tana auna tazara, ta yi magana da murya idan an matso. Ta farko ƙasan jirgi kawai take kallo, saboda haka tsauni mai miƙe kamar bango kan shammace ta. Bayan haɗarin Kali a ƙasar Kolombiya a 1995 aka fito da wadda ke ɗauke da taswirar tuddan duniya a cikinta, tana haɗa ta da bayanan tauraron ɗan'adam, ta hango dutse tun yana nesa. Irin wannan haɗari ya ragu ƙwarai a manyan jiragen fasinja. Inda ya fi saura shi ne ƙananan jirage, da masu saukar ungulu, da na soja, wato dai irin waɗanda manya ke hawa idan za su wurin da babu babban fili, kuma ana jiran su a wurin taro. Matuƙin da ke ɗauke da mai girma yana buƙatar ƙarfin hali kafin ya ce ranka ya daɗe, yau ba za a tashi ba.

Abin da ya bambanta haɗarin dutse da na bakin fili shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwa. A Gwammaja cikin mintoci jama'a suka cika wurin. Raisi kuwa, shugaban ƙasa guda, sai da gari ya waye aka kai gare shi, bayan har Turkiyya ta aiko da jirgi marar matuƙi ya taya nema. A arewacin Pakistan, jirgin da ya tashi daga Gilgit ranar 25 ga Agustan 1989 da mutum 54 har yau ba a ga ko ƙyallinsa ba. A nan gida, jirgin yaƙin da ya ɓace a Borno a ƙarshen Maris ɗin 2021 sai bayan kusan shekara guda sojoji suka tarar da tarkacensa a dajin Sambisa. Wanda ya tsira da karaya ko zubar jini ba ya da irin wannan lokacin.

Dabarar gano wuri ba sabuwa ba ce. Tun 1982 akwai tsarin taurarin ɗan'adam na ƙasa da ƙasa mai sauraron wata 'yar na'ura da ke kunna kanta idan jirgi ya bugu, kuma hukumar NEMA na da cibiyar karɓar wannan saƙo a Abuja. Sai dai na'ura sai da kulawa. Masu binciken Jamus da suka duba jirgin Chilima sun tarar batirin tasa na'urar wa'adinsa ya ƙare tun 2004, shekara 20 kafin haɗarin, kuma jirgin ba ya ɗauke da akwatin naɗar bayanai. Ba a buƙatar maƙarƙashiyar kowa idan sakaci ya kai haka.

Su ma hukumomi na da hannu a yaɗuwar jita-jita. Ƙa'idar duniya ta ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma a yi ƙoƙari kada ya wuce shekara. A Nijeriya wasu rahotannin sun ɗauki shekaru, na jiragen soja kuwa ba kasafai jama'a ke ganin su ba. Ko waɗanda hukumar bincike ta NSIB ke wallafawa, da Turanci suke, cike da kalmomin ƙwararru, ba mai fassara su ya karanta a rediyo. Mutumin Kibiya da aka bar shi babu bayani, ba laifinsa ba ne kaɗai idan ya karɓi na mai shayi.

Kudancin Kano na ƙarƙashin hanyar jiragen da ke tasowa daga kudu su sauka a filin Malam Aminu Kano, kuma yankin na da duwatsu, ga ruwan Tiga, ga dajin Falgore da ya miƙa har iyakar Kaduna da Bauchi, inda waya ba ta samun sabis a wurare da dama. Idan wani abu ya faru a can, Allah ya kiyaye, makiyayi ko mafarauci ko mai itace ne zai riga kowa gani, kamar yadda aka yi a Binuwai da Obanliku. Abin da ake bukata daga gare shi kaɗan ne: ya kira 112 ko ya kai wa mai unguwa da dagaci labari nan take, ya faɗi sunan dutse ko rafin da ya fi kusa, ya hana kunna wuta ko taba kusa da man jirgi, a fitar da masu rai a hankali ba tare da lanƙwasa musu wuya ko baya ba. Kada kuma a ɗauki komai daga tarkacen, musamman akwati mai launin ruwan lemo, domin a cikinsa muryar matuƙa da bayanan tafiyar suke. Wannan bayani bai fi na zaman rabin awa da hakimai da 'yan banga ba, kuma ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Tudun Wada da Doguwa na iya shirya shi tare da hukumar agajin gaggawa ta jiha kafin hazon hunturu mai zuwa ya sauko.