Dashen Ado a Jikin Katako

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kafinta a Gaya ko Ajingi ya ga tarin guntayen katako a ƙasa, waɗanda ƙarshensu murhu. Muna so mu nuna wa ɗalibanmu cewa a cikin wannan tari akwai sana'a. Ita ce dashen ado: a yanko siririn fallen katako mai wani launi, a ƙwaƙule masa gurbi a jikin wani katakon, a dasa shi ciki har su zama kamar abu ɗaya.

Sana'ar tsohuwa ce. A kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda aka gano a 1922, an sami akwatuna da kujeru masu irin wannan ado na baƙin katako da hauren giwa. Masarawa ba su da manyan itatuwa da yawa, shi ya sa suka koyi tattalin ɗan abin da suka samu. Mu ma a Gafasa haka lamarinmu yake. Maɗobiya, mai kyakkyawan katako, an sare ta a Afirka ta Yamma har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2016. To, injin da ke feƙe katako da wuƙa yana fitar da falle mai kaurin milimita 0.6, wato falanki ɗaya mai kaurin milimita 25 zai ba da falle kusan 40. Da zarton hannu kuwa, milimita 2 ko 3 ya wadatar.

Launuka muna da su a gida: maɗaci ja ne, ƙirya ta fi duhu, gawo kuma fari-fari. Zane ma ba sai mun aro ba, ga dagi da sauran zanen da muke gani a bangon gidaje da wuyan riguna.

Ga yadda ake aikin. A fara yanke fallen daidai da zanen. A ɗora shi inda za a dasa, a zagaye gefensa da tsinin wuƙa, ba da fensir ba, domin layin fensir yana da kauri. Sannan a ƙwaƙule gurbin a hankali, amma zurfinsa kada ya kai kaurin fallen. A shafa gam kaɗan, a dasa, a rufe da takarda, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Kashegari a kankare abin da ya ɗago, a goge da samfefa ta bin tsawon jijiyar katakon, a shafa man sheƙi.

Babban abokin gābar wannan aiki shi ne hunturu. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, kuma ta faɗi yake tsukewa. Wanda ya dasa ɗanyen falle a watan Agusta zai tarar da rami a gefensa a Janairu. Saboda haka katakan biyu su bushe sarai, su kuma daɗe a ɗaki ɗaya kafin a haɗa su.

Muna ba ɗalibai shawara su fara da murfin ƙaramin akwati da zane mai miƙaƙƙun layuka. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin ku jefa guntun maɗaci a wuta, ku juya shi ku duba.