Gidan da aka haifi Shakespeare: me ya rage na asali?

A kan titin Henley da ke garin Stratford-upon-Avon, a tsakiyar Ingila, akwai wani tsohon gidan bene na katako da yaɓe, wanda dubban mutane daga sassa daban-daban na duniya ke bin layi domin shiga cikinsa a kowace shekara.

A nan ne ake kyautata zaton an haifi William Shakespeare, shahararren marubucin wasannin kwaikwayo, a shekara ta 1564.

Babu wata takarda da ta nuna ɗakin da aka haife shi, ko ma ranar da aka haife shin. Abin da ke rubuce shi ne an yi masa baftisma a majami'ar Holy Trinity ranar 26 ga watan Afrilu na shekarar. Ranar 23 ga wata da ake bikin haihuwarsa kirdado ce, kuma ta zo daidai da ranar da ya rasu a 1616.

Gidan baduku

Mahaifinsa John Shakespeare majemi ne kuma baduku, mai ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma taɓa fataucin gashin tumaki.

Tun a 1552 sunansa ya bayyana a takardun garin, lokacin da aka ci shi tarar sule guda saboda tara juji a titin Henley. Wannan tara, abin kunya a wancan lokaci, ita ce a yau shaida mafi daɗewa da ke danganta iyalin da titin.

Daga baya John ya yi arziki, har a 1568 ya riƙe muƙami mafi girma a majalisar garin, daidai da magajin gari.

Mai ziyara kan fara ne da zauren baje kolin tarihi, sannan ya ratsa lambu ya shiga gidan. A ƙasa akwai falo da ɗakin cin abinci da shagon fatu, a sama kuma ɗakunan kwana, ciki har da wanda ake kira ɗakin haihuwa.

Sai dai gadaje da kujeru da sauran kayan da ke ciki ba na iyalin ba ne. Wasu na zamanin ne aka tattaro daga wurare daban-daban, wasu kuma kwaikwayo aka yi. Daɓen dutsen da ke falon na cikin 'yan abubuwan da ake ganin watakila Shakespeare ya taka da ƙafarsa.

Daga mashaya zuwa gwanjo

Bayan rasuwar John a 1601, William ya gaji gidan. Amma tun a 1597 ya riga ya sayi wani katafaren gida a garin mai suna New Place, don haka aka ba da hayar wani sashe na gidan gadon, aka mayar da shi masauki da mashaya. Ƙanwarsa Joan Hart ta zauna a wani ɓangaren, kuma gidan ya kasance a hannun zuriyarta har zuwa 1806.

A tsawon wannan lokaci maziyarta sun yi wa gidan ɓarna da sunan ƙauna. A 1786 John Adams da Thomas Jefferson, waɗanda daga baya kowannensu ya shugabanci Amurka, sun ziyarci gidan, kuma kamar yadda aka saba a lokacin, an ɓantaro musu ɗan guntun katako daga wata kujera. Wasu kuma sun riƙa karce sunayensu a gilashin taga, ciki har da marubuci Walter Scott. Tagar na nan har yanzu ana nuna ta.

A 1847 aka sa gidan a gwanjo. An yi ta raɗe-raɗin cewa wani Ba'amurke mai harkar wasanni, P. T. Barnum, na shirin saye ya kwashe shi zuwa Amurka. Wannan ya zaburar da jama'a, aka kafa gidauniya wadda marubuci Charles Dickens ya mara wa baya, aka saye shi kan fam 3,000.

Fargabar tana da dalili. A 1759 wani limamin Kirista, Francis Gastrell, wanda ya mallaki New Place, ya rushe ginin baki ɗaya bayan taƙaddama da mutanen gari. Lambu ne a wurin yanzu.

Tsakanin 1857 da 1864 aka yi wa gidan na titin Henley gagarumin gyara. An rushe gidajen da ke manne da shi don gudun gobara, aka kuma sake fasalin gabansa bisa wani tsohon zane. Ke nan gidan da ake gani yau tsaye shi kaɗai cikin lambu ya sha bamban da wanda yaron ya tashi a ciki, a cunkushen titi mai warin jima.

Ƙungiyar Shakespeare Birthplace Trust ce ke kula da gidan, kuma mafi yawan kuɗin shigarta daga maziyarta yake fitowa. Hakan ya fito fili a 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe gidan na tsawon watanni, ƙungiyar ta shiga matsin kuɗi.

Ɗaliban adabi a Najeriya sun daɗe suna karanta wasanninsa a makarantun sakandare, kuma marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara ɗaya daga cikinsu zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.